Abin da ke ƙarƙashin daɓen majami'a

Karatu: 2 Sama'ila 12:1-14

Ɗan'uwana mai sauraro, daga nan Lalala zuwa unguwar Glass a Libreville ba nisa. A can majami'ar Baraka take, inda 'yan mishan daga Amurka suka soma aikin bishara a 1842, da jagorancin John Leighton Wilson. Bahaushe in ya ji sunan sai ya zaci albarka ake nufi. A'a. Sunan ya fito daga rumfunan da fataken bayi ke tsare mutane kafin jirgin ruwa ya iso. A kan wannan fili aka gina ɗakin sujada.

To, ya kamata a riƙa tono irin wannan? Wani dattijo ya taɓa ce mini tonon silili ba ya gina ikilisiya. Ban raina maganarsa ba, gama na ga masu tonon tarihi don su sami abin zagin masu bi.

Amma ka duba abin da ya faru a Cidade Velha, a ƙasar Kep Verde. A 2015 masanan jami'ar Kambirij suka bayyana tushen wata majami'a ta wajen 1470 da suka haƙo, a garin da ya bunƙasa da cinikin bayi. Ƙarƙashin daɓenta kaburbura ne masu yawa, cikinsu har da na 'yan Afirka. Shekaru ɗaruruwa ba mai tunawa da su. Shirun nan, wa ya amfana? Ba su ba dai.

Wilson ma haka. Ya 'yantar da bayin da ya gāda, ya yi ƙoƙari ƙwarai kan harshen Mpongwe. Duk da haka, da yaƙin basasa ya ɓarke a Amurka a 1861, sai ya koma ya tsaya tare da Kudu, ɓangaren masu riƙe bayi. Wane rabi za mu gaya wa 'ya'yanmu?

Ni dai na ce duka biyu. Littafi Mai Tsarki bai binne zancen Dawuda da matar Uriya ba, har Matiyu ya sake ambatonsa cikin asalin Yesu Almasihu. Bangaskiyarmu ba a kan tsarkin 'yan mishan ta dogara ba, don haka tono ba zai rushe ta ba.

Ikilisiyarku fa? Wa ya ba da filin, da yardarsa ne ko dole aka yi masa? Su wa suka ɗauki ƙasar gini a ka, sunansu bai shiga littafi ba? Akwai tsohuwar da ta sani. Lahadin nan bayan sujada, ka zauna kusa da ita ka tambaye ta.