Wa Zai Ɗauki Kunyar Gwaranci?

Duk shekara, a watannin Yuli da Agusta, jami'o'in ƙasar Polan kan buɗe kwas na 'yan makonni domin baƙi masu son koyon harshe da al'adun ƙasar. Jami'ar Jagiellonian da ke Krakow, wadda aka kafa a 1364, tana yin haka. Ita ma cibiyar Polonicum ta Jami'ar Warsaw tun 1956 take koyar da baƙi. Ɗalibai na kwana a masaukin jami'a. Da safe nahawu, da rana laccar tarihi, ƙarshen mako kuma a kai su mahaƙar gishiri ta Wieliczka ko sansanin Auschwitz.

Sai dai Polanci ba ya koyuwa a mako uku. Nahawunsa yana da matsayi bakwai da suna ke iya ɗauka a jimla, kuma ƙarshen sunan kan sauya da matsayin. In za ka Krakow, "do Krakowa" za ka ce. In kana cikin garin, "w Krakowie". Ga shi matasan birni da yawa suna jin Turanci. To, me zai sa babban mutum, wataƙila likita ko malami, ya biya kuɗi don ya koma yaro mai in'ina?

A ganina amsar tana cikin ladabin baƙunta. Duk inda mutum biyu masu harshe daban suka haɗu, dole ɗaya ya yi gwaranci, kuma gwaranci kaya ne mai nauyi. Mai magana da harshen aro, barkwancinsa kan mutu a baki, hujjarsa ta gurgunce, a riƙa yi masa kallon marar wayo alhali ba haka yake ba. Baƙon da ya shiga kanti ya fara da Turanci ya ɗora wa mai gida wannan kaya ba tare da ya nemi yardarsa ba. Ɗalibin da ya tsaya a layin "bar mleczny", gidan abincin masu ƙaramin ƙarfi, yana haɗa gumi kafin ya iya neman farantin pierogi, shi ya sunkuya ya ɗauka da kansa.

A Polan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga 1795 zuwa 1918, shekara 123, babu ƙasar a taswira: Rasha da Prusiya da Ostiriya sun raba ta. A 1901 an zane yara 'yan makaranta a garin Września saboda sun ƙi amsa darasin addini da Jamusanci. Mutanen da aka doki kakanninsu a kan harshe sun san darajar baƙon da ya zo yana nemansa don kansa.

Wani zai ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne; ɗalibi zai koma gida da takardar shaida yana cika bakin ya san 'yan Polan. Haɗarin gaskiya ne, amma ya fi kama ɗan yawon buɗe ido, wanda ba wanda ya taɓa gyara masa magana. Shi kuwa ɗalibi kullum ana gyara shi. An koya masa kiran wanda bai saba da shi ba "pan" ko "pani", kada ya ce masa "kai" sai an ba shi izini. Wanda ya sha irin wannan horo ya san iyakar saninsa.

Mu da wasu ke koyon harshenmu a kasuwanni, daga Kano zuwa zangon Kumasi, mun saba da zama masu gida. Idan mai saye ya ce wa mace "ka zo", dariya ke fara zuwa mana. Kafin ta fito, mu tuna cewa da bai ɗauki kunyar ba, mu ne za mu tsaya muna lalube cikin harshensa.