Shin kallo ma yana da haƙƙi?

Idan bazara ta kama a ƙasar Arewa, ayari biyu ne ke saɓani a sararin samaniya. Tsattsewa da sauran ƙananan tsuntsayen da suka gujo wa sanyin Turai suna haramar komawa, a watannin Maris da Afrilu. Shamuwa kuma tana isowa daga kudancin Afirka wajen watan Mayu, ta sauka kan itatuwan garuruwan Dogondutsi da Tibiri, ta kafa sheƙa. Manomi na ganin ta ya san lokacin gyaran gona ya yi, ya fara duba irin hatsinsa.

Yanzu an samu sabon mai kallo, wato mai ɗaukar hoto, ko da babbar na'ura ko da wayar salula. Ba ya ɗana tarko, ba ya harbi da danƙo, saboda haka yakan ɗauka babu wani alhaki a kansa. To, amma haka abin yake?

A yi masa adalci tukuna. Ilimin tafiyar tsuntsaye da jini ya fara. A shekarar 1822, kusa da garin Klütz na Jamus, an harbe wata farar shamuwa, sai aka tarar da mashin Afirka soke a wuyanta. Wannan ya zama hujja ga Turawa a kan inda tsuntsayensu ke zuwa idan hunturu ya yi. Yau hoto guda mai ɗauke da rana da wuri yana ba da irin wannan shaida ba tare da an kashe rai ba. Da irin wannan sani ne ake kare wurare kamar kwarin Dallol Mawri, wanda aka sanya wani yankinsa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2004.

Sai dai cuta ba ta tsaya ga kisa ba. Ɗan tsuntsun da zai ƙetare Sahara kitsen jikinsa ne guzurinsa, a bakin tabki da cikin ƙaya yake tara shi. Duk lokacin da aka firgita shi don a kama shi yana tashi, an ci masa guzuri. Uwar da aka kora daga sheƙa a zafin Mayu kuwa ta bar ƙwai ga rana da hankaka. Mai hoto zai koma gida da abin nunawa, asarar kuma ba ta fitowa a hoton.

Magabata sun riga sun yanke wannan hukunci a aikace. Shamuwa tana ɓata ƙarƙashin itace da kashi, duk da haka ba a korar ta, yaro ma kwaɓarsa ake yi idan ya ɗauki dutse. Matsayin baƙuwa aka ba ta, baƙo kuwa raɓa ne, ba a takura masa. Mai gida na ƙwarai yana kallon baƙonsa, amma ba ya leƙa masa ɗaki.

Ma'aunin ke nan: idan tsuntsu ya bar abin da yake yi saboda kai, ka matso fiye da kima, sai ka ja da baya ko da hoton zai kuɓuce. Malamin da zai fita da ɗalibai bakin tabki a bazarar bana, ya fara koya musu zama shiru kafin ya miƙa musu na'ura.