Shirun Mai Fili da Haƙƙin Mai Wucewa

A dokar filaye ta Ingila akwai haƙƙin da mutum kan samu a kan ƙasar da ba tasa ba, kamar ya ratsa ta zuwa gidansa ko ya bi da ruwa ta cikinta. Malaman fiƙihu suna kiran irinsa haƙƙin irtifaƙi. A shari'ar Ellenborough Park ta 1955, kotun ɗaukaka ƙara ta fayyace cewa sai an sami filaye biyu masu mamallaka dabam, ɗaya yana amfana, ɗaya yana ɗauke da nauyi. Ke nan haƙƙin a jikin ƙasa yake. Ko an sayar ko an gada, nauyin yana nan.

Ana kafa shi da yarjejeniya, kuma wannan ba abin musu ba ne. Inda hankali ke tsayawa shi ne kafa shi da tsawon zamani. Wata doka ta 1832 ta tanadi cewa wanda ya shekara 20 yana bin hanya a filin wani zai iya neman kotu ta tabbatar masa da ita, muddin ba da ƙarfi ya bi ba, ba a ɓoye ba, ba kuma da izini ba. Sharaɗin ƙarshe abin lura ne. Mai filin da ya ce "na yarje maka" ya tsira da ikonsa, domin izini ana iya janye shi. Wanda ya gani ya kau da kai, shi ne zai wayi gari hanyar ta fi ƙarfinsa.

Shin adalci ne a mai da kawaici bashi? Bahaushe zai ji nauyin tambayar, domin a wurinsa gaya wa maƙwabci "da izinina kake wucewa" gori ne, kuma mai kara ba ya furta shi. Doka ta ɗauki shiru a matsayin sallamawa, alhali sau da yawa kunya ce. Mai faɗa yana da katanga, mai wayo yana da takarda, mai haƙuri kaɗai ke asara. Har ma tana koya wa mutane su toshe hanya tun ba ta dame su ba.

Duk da haka, mai wucewa ba ɓarawo ba ne. Cikin shekaru 20 ya fasa ƙofa ta wannan gefen, ya haifi 'ya'yan da ba su san wata hanya ba. Idan magaji ya zo rana tsaka ya ja shinge, ya rushe rayuwar da mahaifinsa ya zuba ido aka gina.

A ganina aibin yana ga ma'aunin: ƙirgen shekaru ba ya tambayar wa ke da buƙata, wa zai cutu. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo wani ma'auni. Dahhaku ɗan Khalifa ya so ya ratsa da magudanar ruwa ta gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi. Sayyidina Umar ya tilasta a ratsa, bisa hujjar cewa ruwan zai amfani mai gonar kuma ba zai cuce shi ba. Ba a ƙirga ko kwana ɗaya ba, cuta da amfani aka auna.

Wannan ma'aunin ma da haɗarinsa, tunda ya rataya ga alƙali, kuma ba kowane alƙali ne Umar ba. Mai ƙarfi zai iya kiran kwaɗayinsa buƙata. Amma aƙalla yana tilasta wa kotu ta dubi mutanen biyu. Inda mai wucewa yake da wata ƙofa, sauƙi kawai yake nema, ban ga dalilin da shekaru 20 za su ƙwace wa mai kara abin da da ya yi tsawa tun farko da yana hannunsa ba.