Karen da Ya Amayar da Ruwa a Bakin Rijiya: Nasiha ga Sababbin Muridai

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Shehu Ahmadu Tijjani da Shehu Ibrahim Inyass da sauran magabatanmu.

Bayan haka, ya 'yan'uwana muridai, zan ba ku labarin wani kare. Kada kowa ya ɗauka da shi nake, domin wanda aka buga wa misali da karen nan ni ne.

Na karɓi ɗariƙa a shekarata ta farko a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Muƙaddamin da ya ba ni dattijo ne a garinmu Bonkuku, aminin mahaifina. Ya karanta mini sharuɗɗa, ya ba ni lazimi safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Ya haɗa mini da wazifa da zikirin Juma'a. Da na koma Yamai sai na raina wannan. Kullum ana turo wuridai a WhatsApp, wannan dubu kaza, wancan dubu kaza, ni kuwa duk wanda na gani sai in ɗora a kan na jiya, ba tare da na nemi izinin kowa ba. Nakan kwana ina jan carbi, in shiga aji ido jajir. Da jarrabawa ta matso sai komai ya rushe. Barci ya fara cinye mini Asuba, na ajiye ƙarin da na ɗauko, daga nan lazimin kansa ya yi mini nauyi. Na yi makonni ban yi shi ba, kunya kuma ta hana ni gaya wa kowa.

A haka na zo gida hutu, lokacin da zafin bazara ya fara kamawa. Duk wanda ya bi hanyar Yamai zuwa Filinge ta Baleyara ya san Bonkuku tana cikin Dallol Boso ne, inda ruwa ba ya da nisa a ƙasa. Shi ya sa garake suka yawaita, har aka san garin da dankalin turawa a kasuwannin Yamai. A garkarsa na sami Malam da hantsi. Na durƙusa na gaishe shi, na kasa buɗe baki da abin da ya kawo ni.

Muna zaune sai ga makiyaya sun kawo garke bakin rijiyar da ke kusa. Tare da su akwai kare irin dogayen nan na Azawak, mai siririn ciki da zurfin ƙirji, harshe a waje, yana haki. Ana zuba gugan farko a kwami ya kafa kai, bai ɗago ba sai da cikinsa ya yi tim. Ya yi taku kaɗan, ya sunkuya, sai ga ruwan nan ya dawo garau kamar yadda ya shiga, yashi ya shanye. Ya juyo kwamin da ƙishirwarsa.

Malam ya ce, “Ɗana, ruwan nan gurɓatacce ne?”

Na ce, “A'a Malam, shi muke sha.”

Ya ce, “To karen ƙarya yake yi, ba ya jin ƙishi?”

Na ce, “Yana ji ƙwarai.”

Bai ƙara tambaya ba. Ya sa wani yaro ya ja karen inuwa. Da hakinsa ya lafa aka ba shi ruwa kaɗan a sakaina, aka dakata, aka ƙara masa. Wannan karon ruwan ya zauna. Nan na fashe da kuka na gaya masa komai.

Abin da ya sami karen ba boyayye ba ne. Kare ba ya gumi a jiki irin namu, da haki yake fitar da zafi, don haka in ya sha gudu cikin rana ƙishinsa yakan yi tsanani. Ba ya kuma kurɓa kamar mutum, da harshe yake lasar ruwa da sauri, yana haɗiye iska tare da shi. Ciki ya cika farat ɗaya da ruwa da iska, sai jiki ya mayar. In sau ɗaya ne kuma karen ya ci gaba da harkarsa, a ba shi hutu da ruwa kaɗan-kaɗan. In kuwa cikin ya kumbura, yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, ko aman ya ƙi tsayawa, a gaggauta kai shi wurin likitan dabbobi, domin yana iya halaka. Kula da shi ibada ce, tunda ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Allah Ya gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishi da ruwan da ya ɗebo daga rijiya a takalminsa.

Zuciya ma tana da abin da za ta iya riƙewa a kowane mataki. Shauƙin sabon muridi gaskiya ne, zikirin kuma tsarkakakke ne, gaggawa ce ke sa a yi asarar su duka. Shari'a cike take da wannan tarbiyya. A cikin shekara 23 aka saukar da Alƙur'ani. Giya ma mataki-mataki aka haramta ta. Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallama, yakan sha ruwa da numfashi uku, ya kuma bayyana cewa hakan ya fi kashe ƙishi, ya fi lafiya. A aya ta 249 ta Suratul Baƙara, an jarrabi rundunar Ɗalutu da ƙorama, aka yarje musu kamfata ɗaya da hannu. Mafi yawansu suka sha, 'yan kaɗan da suka kame kansu su ne suka haye tare da shi.

Ku dubi Sayyidina Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah Ya ƙara masa yarda. Yana saurayi ya so ya riƙa azumi kullum da tsayuwar dare duka. Annabi ya nuna masa azumin kwana uku a wata da sauka ɗaya a wata, ya tuna masa cewa jikinsa da idonsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa. Ya yi ta neman ƙari har aka tsayar masa a azumin Annabi Dawuda da sauka a kwana bakwai. Da ya tsufa ƙarfi ya tafi, ya riƙa cewa ina ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa. Wannan sahabi ne, ina ga ɗalibi irina mai waya a hannu?

A nan na gane hikimar izini. Lazimi alkawari ne har mutuwa, wanda ya kuɓuce masa kuma sai ya rama. Abin da za a ɗauka tsawon rai dole ya zama daidai wuyan mai ɗauka. Muƙaddami shi ne mai riƙe da sakainar. Ya san almajirinsa, ya san karatunsa da barcinsa da nauyin da ke kansa. Wanda ya turo maka wuridi a waya bai san ko ɗaya ba.

Malam bai yi mini faɗa ba. Ya ce in tuba, in fara gyara salloli biyar a jam'i, domin farilla ke gaba da kowane wuridi. Ya sabunta mini izini, ya nuna mini yadda zan rama abin da ya wuce, ya hana ni ƙara ko ƙwaya ɗaya sai na tambaye shi. Ya ce karatun da iyayena suka tura ni Yamai in yi, shi ma amana ne.

Ɗan'uwa, in kana cikin halin da na shiga, kada kunya ta riƙe ka kamar yadda ta riƙe ni. Je ka wurin muƙaddaminka ka faɗa masa gaskiya. In kuma yanzu ka shigo, shauƙi na ɗibarka, tsaya a kan abin da aka ba ka, ka kyautata alwalarsa da natsuwarsa da lokacinsa. Aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kamar yadda Nana A'isha ta ruwaito.

Allah Ya shayar da mu daga tafkin Manzonsa, Ya ba mu dawwama a kan lazimi har ranar da za mu koma gare Shi. Amin.