Huhunka Naka Ne, Amma Iskar Ta Kowa Ce



Duk wanda ya saba zama teburin mai shayi a Tudun Jukun da daddare, ko ya shiga gidan kallon ƙwallo, ya san yadda abin yake. Mutum ɗaya zai kunna sigari, mutum goma su shaƙi hayaƙin. Idan ka yi magana ya ce maka: "Malam, kuɗina ne, huhuna ne, ina ruwanka?"

To mu duba maganar nan da adalci. Malamai sun daɗe suna saɓani kan taba. Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu yana cikin waɗanda suka halatta ta a zamaninsa, kafin likitoci su gano cutar da ke cikinta. Mafi yawan malaman yau sun haramta ta. Amma mu ajiye wannan saɓanin gefe. Ko da a ce halal ce, shin halaccin abu yana ba ka damar cutar da wani da shi?

Albasa da tafarnuwa halal ne, babu mai musu. Duk da haka Annabi (SAW) ya hana wanda ya ci su ɗanye ya kusanci masallaci, saboda warin yana damun mutane. Wari kawai fa! Ina ga hayaƙin da ke shiga ƙirjin jariri a bayan uwarsa cikin Keke Napep, ko mai asma da ke jiran mota a tasha? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 1 ke mutuwa duk shekara saboda hayaƙin tabar da wasu suka sha. Su ba su saya ba, ba su kunna ba.

Dokar ƙasa ma ta zo daidai da wannan. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sha a wuraren taruwar jama'a irin su asibiti, makaranta da motar haya, ta kuma hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, da sayar da kara ɗaya-ɗaya. Amma zagaya Zariya, garin da ya daɗe da kamfanin taba, ka ƙirga shagunan da ke bin wannan.

Sai dai kada mu mai da mashayi abin wulaƙanci. Nikotin yana kama jiki, da yawansu suna son bari sun kasa. Haƙƙinsa a kanmu nasiha cikin sirri da taimako. Haƙƙinmu a kansa ya matsa nesa da mutane.

Kai mai shayi, kai direba, kai mai gidan kallo, wurin a hannunka yake. Kada tsoron rasa kwastoma ɗaya ya sa ka bari a cutar da goma. Faɗa masa da lalama: "Ɗan uwa, don Allah ɗan matsa can."

Allah Ya yaye wa masu sha, Ya tsare mu da ɗaukar haƙƙin wani. Wallahu a'alam.