Darasi na Tara: Adali da Dabbarsa

Karatu: Misalai 12:10, Littafin Lissafi 22:21-33

Akwai wata aya da takan tsai da mu masu aikin juyi, ita ce Misalai 12:10. A yawancin harsuna an juya ta da ma'anar cewa adali yana kula da dabbarsa. Wannan ba kuskure ba ne, amma Ibrananci ya fi haka nauyi. Kalmomi biyu ke nan a wurin: yada, wato sani, da nefesh, wato rai, 'yar'uwar kalmar nan ta Larabci, nafs. Abin da ake yabon adali da shi, sanin ran dabbarsa ne.

Waɗannan kalmomi biyu sun sake haɗuwa cikin Fitowa 23:9, inda aka hana Isra'ilawa su zalunci baƙo, gama sun san nefesh na baƙo, tun da su ma sun yi baƙunci a Masar. Ba wanda zai ce sanin ran baƙo shi ne sanin tsawonsa ko ƙarfin damtsensa. Sanin tsoronsa ne, da kewarsa, da gajiyarsa. To, in Littafi Mai Tsarki ya ɗauki wannan magana ya ɗora a kan sa da jaki, ashe akwai abin da za a sani a cikinsu ke nan.

Ba dukan masana suka yarda da haka ba. Dekart, wani masani na Faransa wanda ya mutu a 1650, ya koyar cewa dabba kamar inji take, ba ta da tunani. A 1872 Darwin na Ingila ya buga littafi a kan yadda mutum da dabba suke nuna tsoro da fushi da murna. A 2012 kuma waɗansu masana ƙwaƙwalwa suka taru a Kambirij, suka sa hannu a takarda cewa dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye suna da sassan ƙwaƙwalwa da ake ji da su. Muna murna da shaidarsu, ko da yake kowane yaro makiyayi zai iya gaya musu yadda saniya take yini tana kuka in an raba ta da ɗan maraƙinta. Marubucin 1 Sama'ila 6 ma ya lura da wannan: shanu biyu masu shayarwa da Filistiyawa suka ɗaura wa keken da ya ɗauko akwatin alkawari, aka kulle maruƙansu a gida, suna tafe suna kuka har Bet-shemesh.

Yanzu mu duba Bal'amu da jakarsa. Sau uku ta ga mala'ikan Ubangiji a hanya da takobi a zare, shi kuwa mai gani bai ga kome ba. Da fari ta ratse cikin gona, ya buge ta. Na biyu ta matsa jikin bango tsakanin gonakin inabi har ta matse ƙafarsa, ya sake bugunta. Na uku, da ba wurin ratsewa, sai ta kwanta, ya hau ta da sanda, har ya yi fatan da akwai takobi a hannunsa. Sa'ad da Ubangiji ya buɗe bakinta, ba ta yi masa wa'azi ba. Ta tuna masa da shekarun da ya yi yana hawanta, ta tambaye shi ko ta taɓa yi masa haka. Ya amsa, a'a. Laifinsa ke nan. Ya san bayanta, bai san ranta ba. Da ya san ta, da tun ratsewar fari ya gane akwai dalili. Mu lura kuma, abin da mala'ikan ya fara tambayarsa shi ne dalilin dukan nan uku.

Masu maganin dabbobi sun ce jaki yakan ɓoye ciwonsa fiye da doki. Kafin ya daina cin abinci, sau da yawa cutar ta riga ta yi nisa. Abin da muke kira taurin kai, wani lokaci miki ne a ƙarƙashin akumari, ko mangala da ta rinjaya gefe ɗaya. Ɗaga akumarin a duba ba ya cin kuɗi.

Wani zai ce, ai Bulus ya tambaya cikin 1 Korintiyawa 9:9 ko Allah ya damu da shanu. Gaskiya ne. Amma a ganinmu Bulus bai soke dokar Kubawar Shari'a 25:4 ba, wadda ta hana a sa wa sa takunkumi yana sussuka. Daga ƙarami ya hau zuwa babba: in sa yana da hakkin ci daga aikinsa, balle mai wa'azi. Ba mu kuwa ce dabba daidai take da mutum ba. Mutum kaɗai aka yi cikin surar Allah, an kuma ba Nuhu izinin cin nama cikin Farawa 9. Yanka halal ne. Abin da ba mu sami izininsa ko'ina ba shi ne rataye kaji kai ƙasa a bayan babur cikin zafin rana tun daga ƙauye har kasuwa, ko barin akuya a turke ba ruwa domin gobe za a yanka ta.

Ragowar ayarmu ta ce ko rahamar mugu, mugunta ce. Kalmar Ibranancin da tamu rahama tushensu ɗaya. Mai ba jakinsa dusa domin kawai ya iya ƙara masa kaya gobe, shi ma yana cewa ya yi alheri.

Shugaban aji ya karanta wa jama'a Fitowa 23:12, inda aka ambaci sa da jaki cikin waɗanda aka ba hutun rana ta bakwai. Sa'an nan ya tambayi masu shanun huɗa da masu jakai da ke wurin: ran Lahadin da ta wuce, sa'ad da muke cikin sujada, ina dabbobin nan suke, wa kuma aka ba aronsu?