HUKUNCIN YAWON SHAN ISKA A BAKIN KOGI

Muna farawa da sunan Allah, muna gode Masa, Shi ne wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya gudanar da koguna a cikinta domin amfanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wani malamin makaranta daga Dirin Daji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sakaba a ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, ya aiko wa wannan fili da takarda. Ya ce almajiransa sun daɗe suna roƙonsa ya kai su su ga tafkin Kainji da gandun namun dajin da ke gefensa idan an yi hutu, amma waɗansu daga cikin iyayen yara sun ce sam, wai wannan yawon banza ne, ba tarbiyyar Musulunci ba ce. Saboda haka yana so a bayyana masa hukuncin zuwa irin waɗannan wurare domin shan iska da buɗe ido.

Amsar a taƙaice ita ce halal ne, har ma mutum yana iya samun lada idan ya kyautata niyya. Sai dai kuma bakin kogi amana ce, wanda duk ya je can za a tambaye shi abin da ya yi da ransa, da sallarsa, da ruwan da ya tarar, da halittun da ke zaune a wurin.

Da farko ya kamata mai karatu ya san wurin da ake magana a kansa. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara a shekarar 1964, aka gama a 1968, ruwan da aka tare ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 100, wanda ya miƙa arewa har ƙasar Yawuri. A 1979 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar da ta tabbatar da gandun daji na ƙasa a wannan yanki, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 5,000. Kashi biyu ne: ɓangaren Borgu a yamma da tafkin, inda kogin Oli yake ratsawa, da ɓangaren Zugurma a gabas. An san dajin da dorina, da kada, da gwanki, da ɓauna, da birai, da tsuntsaye iri iri. Wannan shi ne abin da yaran Dirin Daji suke marmarin gani da idonsu, kuma ba su yi laifi ba, domin gani ya kori ji.

To, jama'a, Musulunci bai hana hutawa ba. Imamu Muslim ya ruwaito labarin sahabin nan Hanzala, Allah Ya yarda da shi, wanda ya zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin tashin hankali yana zargin kansa da munafunci, domin kuwa idan yana majalisin Annabi sai ya ji kamar yana ganin Aljanna da Wuta, amma da ya koma gida ya shiga wasa da iyali da sha'anin dukiya sai ya manta da yawa. Annabi bai tsawata masa ba, sai ya nuna masa cewa ɗan Adam ba mala'ika ba ne, akwai sa'ar wannan, akwai sa'ar wancan. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa Annabi ya yi tseren gudu da Nana A'isha a cikin tafiya har sau biyu, ta tsere masa a karon farko, shi kuma ya tsere mata a na biyu. Wanda ya ce fita sarari da iyali domin nishaɗi ba addini ba ne, lalle ya ƙuntata abin da Allah Ya yalwata.

Bil hasali ma, Alƙur'ani mai girma ya yi ta umurtar mutane a wurare da dama da su yi tafiya a bayan ƙasa su duba, wani lokaci domin su ga yadda Allah Ya fari halitta, kamar a Suratul Ankabut, wani lokaci domin su ga ƙarshen waɗanda suka gabace su. Duka biyun suna nan a Kainji. Yaron da ya karanta a Suratul Anbiya cewa daga ruwa aka sanya dukkan abu mai rai, idan ya tsaya da rani a bakin kogin Oli ya ga yadda namun daji suke sauka shan ruwa, ba zai sake mantawa da wannan aya ba. Haka kuma idan aka gaya masa cewa a ƙarƙashin wannan tafki akwai tsohon garin Bussa, da fadarsa da kasuwarsa, wanda ruwa ya shanye har aka gina Sabuwar Bussa, kuma mutane fiye da 40,000 ne aka tayar daga garuruwansu saboda tafkin, to ya sami wa'azin da ya fi na baki, watau babu mazaunin da yake dawwama sai na Lahira.

Waɗansu suna tsammani keɓe daji domin namun jeji da itatuwa al'adar Turawa ce. Ba haka ba ne. A shari'a ana kiran irin wannan wuri hima. Buhari ya kawo cewa Annabi ya keɓe wani wuri mai suna Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Sharaf da Rabaza. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya naɗa wani baransa mai suna Hunayyu ya tsare hima, ya yi masa wasiyya da ya sassauta wa jama'a, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan dabbobi kaɗan ya shiga, amma kada ya fifita garken attajirai irin su Ibn Auf da Ibn Affan, domin su suna da gonakin da za su koma wa, talaka kuwa ba shi da komai. Darasi biyu ke nan. Mai ziyara ya bi dokar gandu, domin shugaba yana da ikon keɓe wuri saboda maslahar jama'a. Hukuma kuma ta yi adalci ga makiyaya da masunta da manoman da suke maƙwabtaka da dajin.

Yanzu sai sharuɗɗa. Na farko kuma mafi girma shi ne tsare rai. Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara. A watan Mayu na 2021 wani jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 100 ya nutse a kusa da Wara, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski, rayuka masu yawa suka salwanta, hukumomi kuma suka ce lodi ne ya yi masa yawa. Gaskiya ne hadisi ya lissafa wanda ya nutse a cikin shahidai, muna kuma yi musu wannan fata, amma wannan bushara ba ta wanke wanda ya yi sakaci da ran wani. Kada a shiga jirgin da ya cika maƙil, kada a shiga da dare ko hadari ya haɗu, kada a bar rigar kariya saboda jin kunya ko nuna jarumtaka. Yaron da ya iya iyo a ƙoramar bayan gari kada ya ɗauka ya iya kogin Kwara, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Haka nan batun tsaron hanya. Mutanen ƙasar Zuru da Yawuri ba su manta da sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021 ba, kuma a shekarun da suka biyo baya an yi ta samun rahotannin 'yan bindiga a cikin dajin Kainji kansa. Saboda haka bai halatta malami ya ɗebi 'ya'yan mutane ya kama hanya ba sai ya tuntuɓi hukumar gandun da jami'an tsaro, ya kuma sami yardar kowane uba. Idan aka ce masa babu lafiya, to fasawa ita ce ibada. Tawakkali ba ya kore ɗaure raƙumi.

Na biyu, salla. Abin takaici ne a ga jama'a sun tashi da kulolin abinci da tabarmi, sun wuni a gaban ruwan da ya ishi gari guda alwala, amma Azahar da La'asar su wuce babu wanda ya kalli gabas. A mazhabar Malikiyya ana yin ƙasaru a tafiyar da ta kai mil 48, kimanin kilomita 80, kamar yadda yake a cikin Risala, kuma daga Dirin Daji zuwa Sabuwar Bussa ya haura haka. Amma malamanmu sun bambanta tsakanin matafiya: wanda ya fita domin saɓo ba shi da wannan rangwame, wanda ya fita domin wargi tsantsa an karhanta masa, mai tafiyar halal kuwa sunna ce a gare shi. Ashe ke nan niyyar da aka fita da ita tana da tasiri har a cikin raka'o'in salla.

Na uku, haƙƙin ruwa. Buhari da Muslim sun ruwaito hani ga yin fitsari a ruwan da ba ya gudana sannan a yi wanka a ciki. Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi a kan wurare uku da suke jawo wa mutum la'ana idan ya yi bayan gida a cikinsu: mashayar ruwa, da tsakiyar hanya, da inuwa. Dubi hikimar wannan. Likitoci sun tabbatar cewa tsargiya, watau fitsarin jinin nan da ke damun yaran bakin ruwa, ta haka take yaɗuwa: mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe su shiga jikin ƙananan dodon koɗi, daga baya su fito su huda fatar wanda ya shiga wanka. Wanda ya bi sunna a nan ya tsare lafiyar yaran da bai taɓa gani ba. A haɗa da zubar da leda da gwangwani da fasassun kwalabe, domin kawar da ƙazanta daga hanya sadaka ce, jefa ta kuwa kishiyar haka. Akwai kuma ruwayar Ahmad da Ibn Majah cewa Annabi ya hana Sa'ad almubazzaranci da ruwan alwala ko da a bakin kogi mai gudu yake. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinta, amma babu saɓani a kan cewa ɓarna abin ƙi ce.

Na huɗu, haƙƙin halittun wurin. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa, uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai, Annabi ya umurce su su mayar mata da 'ya'yanta, ya kuma yi musu faɗa a kan gidan tururuwa da suka ƙona. A cikin Risala an ce farauta domin wasa makaruhi ce. To, ina ga farauta a inda hukuma ta hana, ko jifan birai, ko barin wutar girki ba a kashe ba har ta cinye daji?

Na biyar, kunya da ladabi. Shiga ruwa ba ya ɗauke wajabcin suturce al'aura, kuma ba a leƙen matan ƙauye a inda suke wanka da wanki, balle ɗaukar hotonsu. Mashaya da kwale-kwale da taru duk suna da masu su, a yi sallama a nemi izini, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba, domin haƙƙin maƙwabci da na mai masauki bai tsaya ga addini ɗaya ba.

Saboda haka, Malam, ka gaya wa iyayen yara cewa tsoronsu a kan rayukan 'ya'yansu yana kan hanya, kuma wajibi ne ka girmama shi, amma cewa yawon kansa haramun ne ba shi da hujja. Idan hanyar Kainji ba ta yiwu bana ba, ka fara da rafin da ya fi kusa da gari inda aka amince da lafiyarsa. Ku fita da hantsi, ku koya musu sunayen itatuwa da tsuntsaye, ku yi salla cikin jam'i a kan lokaci, ku tsince sharar da kuka tarar, ku komo gida kafin rana ta faɗi. Yaron da ya koyi riƙon amanar ƙaramin rafi, shi ne zai iya riƙe ta babban kogi.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu a tudu da ruwa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mayar da zaman lafiya a dazuzzukanmu da hanyoyinmu. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.